Kwantaccen Cikin da Ya Tsare Ni a Takaba

Malama, jiƙa tawadarki ki gyara zama. Da sunan Allah zan fara, Shi da Ya ɗora mini ciwon nan kuma Ya sauke shi a lokacin da Ya ga dama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Abin da zan faɗa ki rubuta shi yadda ya fito daga bakina, kada ki sa masa zuma. Na san halinki na gyaran magana. Ranar nan na ce matar mai unguwa ba ta da kai, kika ce wai tana da nata tunanin. Yau ban son wannan. Ina so in matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurinki sun taru, ki karanta musu, domin jiya na ji an ce wata mai takaba a ƙauyen da ke bayan rafi cikinta ya kwanta, tun jiyan kuwa raina bai kwanta ba.

Sunana Rakiya, amma a gidan miji Ta-Danja ake ce mini, don daga Danja aka kawo ni. Ƙauyen maigidana yana tsakanin Maska da Funtuwa, gefen hanyar da fatake ke bi da jakunansu. Manomi ne, dawa da auduga, da rani kuma ya zauna a kan saƙa. Ni kaɗai ce matarsa. Haihuwata huɗu, ɗiya ɗaya ta rayu, ita ma an kai ta ɗakinta. A gidan daga ni sai shi sai mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Iya. Shi kaɗai ne ɗanta da ya rayu.

Ciwon ya riga mutuwarsa da kusan shekara biyar, kuma nan ne laifina na farko, ki rubuta shi da kyau. Bayan haihuwata ta ƙarshe jinin watana ya sauya. Da kwana huɗu nake yi, sai ya koma bakwai, ya koma tara. Yana zuwa da gudaji baƙaƙe kamar hanta. Kafin ya zo marata takan yi nauyi, ta taso, ta yi zafi, bayana ya riƙe, ciwon ya sauka har cinyoyi. Nakan rungume turmi in yi ta nishi, in na ji tafiyar mutum in miƙe in kama taɓarya. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Uwata ta rasu, ɗiyata ta fari ce, ko sunanta ban iya faɗa balle in buɗe mata zanena. Surukuwa kuwa, haba! Sai na ɗaure marata da ɗamara na ci gaba da daka.

Maigidan ya kwanta da zazzaɓi bayan an gama yankan dawa, kwana bakwai Allah Ya karɓi abinsa. Na shiga takaba. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, zane ɗaya da 'yar wuƙar da ake ba mai takaba ta riƙe. Na ƙirga wata huɗu da kwana goma ɗaya bayan ɗaya. Yayana, Yaya Sale, ya aiko daga Danja cewa ya gyara mini ɗaki kusa da gidan ɗiyata, ranar da na fita zai zo da jaki.

Ranar fitar ta zo, Iya da kanta ta ce ita za ta zuba mini ruwan wankan. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwance ɗamara, ta ɗaga ƙwarya, sai na ga ƙwaryar ta tsaya a sama. Ta ajiye ta a hankali, ta kai hannu ta danna marata. Na yi ƙara don zafi.

"Allahu akbar," in ji Iya. "Allahu akbar! Ya bar mini baya."

Na ce, "Iya, ba abin da kike zato ba ne. Duk wata ina ganin jini, har cikin takabar nan sau huɗu na gani."

"Kwantawa ya yi, 'yar nan. Firgitar mutuwar ubansa ce ta kwantar da shi."

"Iya, kumburin nan ya yi shekaru."

"Shekaru? Da idona ina gidan nan? Me ya sa ban taɓa gani ba?"

Kin ji inda ɓoyona ya kai ni. Ko ruwan ba a ƙarasa zuba mini ba, ta ɗaura mayafi sai gidan liman.

Liman ya zo ya tsaya bayan zana, ni ina daga ciki. Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa riƙe shi a raina ba, abin da ya karanta ya faɗa. Ya ce a littafi mai ciki tana iya ganin jini. Ya ce ciki yana iya kwantawa shekara huɗu, wasu malamai sun ce biyar. Tunda an yi kokwanto, takabata ba ta ƙare ba har sai na haihu ko kokwanton ya gushe. Ba zan kwana wani gida ba, ba za a raba gona ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, shekara biyar fa ka ce?"

Ya ce, "Haƙuri za ki yi, baiwar Allah."

Yaya Sale ya iso da jakinsa da la'asar, ya koma da shi ba kowa a kai.

Daga ranar na zama gonar kowa. Wallahi, Malama, ban san ƙauyen nan cike yake da masana ba sai da na kwanta. Matar da ba ta iya raba gero da dawa a duhun rumbu ba, ita ma ta zo da nata maganin tayar da ciki. Wannan ta ce a turara ni da ƙaiƙayi da gashin baƙar akuya. Aka turara ni har na yi kwana biyu ina tari. Waccan ta ce kada in ƙetare igiyar jaki, wai jaka shekara take yi da ciki. Aka kwashe duk wata igiya daga tsakar gida, har ta shanya. Rubutu kuwa na sha shi har haƙorana suka yi baƙi, shi dai ban yi ƙorafinsa ba, ayar Allah ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk abin da ciwon ya yi mini sai ya zama shaida a kaina. In zafi ya sa ni amai, Iya ta ce laulayi ne. In jiri ya ɗebe ni, ta ce haka ta yi da cikin ubansa. Da jinina ya fara ƙarewa sai na kama sha'awar farar ƙasa, ina ɓantarowa ina ci a ɓoye. Ranar da ta kama ni, guɗa kawai ba ta yi ba.

"Kin gani ko? Kwaɗayin masu ciki! Namiji ne ma, maza ke sa cin ƙasa."

Na ce, "Iya, don Allah ki dubi tafin hannuna. Fari fat."

Ta ce, "Yaron ne ke sha."

Wanne yaro, jama'a? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni an hana ni sanin ɗakina.

Da damina ta faɗi aka kawo wanzami. Ya ce mataccen jini ne ya danne yaron, sai an zuƙe shi. Ya kafa mini ƙaho shida a ƙugu. Mace tana zubar da jini kwana tara a wata, maganinta wai a ƙara ɗibar wani! Na tashi daga tabarmar ina ganin wanzamin biyu-biyu. Bayan shi wata tsohuwa ta zo da saiwoyi, aka dafa da kanwa da kimba da barkono, ta ce wannan ko shekara bakwai ciki ya yi yana barci sai ya tashi. Na sha kwana uku. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Jinin da ya ɓalle a watan nan har ya ratsa tabarma ya jiƙa daɓe. Tsohuwar ta leƙo ta ce alhamdu lillahi, ya fara juyi.

Amma ki rubuta wannan ma, don ban son in ci amanar matacciya. Duk ƙunzugun da na ɓata, Iya ce ke wanke shi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta durƙusa bayan ɗaki da toka da ruwan zafi tana wanke jinin matar ɗanta, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Da tsummokaran gidan suka ƙare ta yayyaga tsofaffin zannuwanta, ta yayyaga nawa, har tsohuwar tagguwar marigayi ba ta tsira ba. Kajinta ɗaya bayan ɗaya suka shiga tukunya saboda ni. Takan gasa dutse ta naɗe a tsumma ta ɗora mini a mara. Ina jin daɗin ɗumin, ina sa mata albarka a zuciya, sai in ji ta sunkuyo tana magana da cibiyata.

"Tashi mana, maigida. Barcin ya isa haka. Ko sai na nemi wani mijin?"

Sai in rasa ko in rungume ta ko in jefe ta da dutsen.

Kuma tun watan farko ta ɗebi auduga mafi kyau cikin wadda marigayi ya noma a shekararsa ta ƙarshe, ta zauna da mazari tana kaɗi. Zare siriri irin wanda ba a kai wa kasuwa. Ta ba masaƙi, ta aika da rabin zaren marinar Maska, aka saƙo mata zanen goyo, fari da baƙi, mai kyan gaske. Kowace Juma'a sai ta fito da shi daga cikin tukunyar ajiya, ta kakkaɓe, ta ninke, ta mayar.

Haka damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo. Ɗiyata ta haihu a Danja ban je suna ba. Kaina ba kitso, idona ba kwalli, na koma kamar abin tsoron tsuntsaye a gona. In na hau ɗan tudun bakin rijiya sai zuciyata ta yi ta bugu a kunnena. Wata safiya ina surfe, na ɗaga taɓarya, ban san saukarta ba. Na farfaɗo na ga Bafulatanar da ke kawo mana nono tana yayyafa mini ruwa. Ita ce ta raɗa mini cewa akwai wata tsohuwa a Malumfashi, Gwaggo Kande, ungozoma ce kuma mai wankan gawa, ubanta mahauci ne. Ta ce matar nan ba ta ba da magani sai ta san sunan ciwo. Na roƙe ta, in ta ga masu zuwa kasuwar Danja ta aika wa Yaya Sale.

Yaya Sale ya zo, ya gan ni, ya juya baya ya share ido da hannun riga. Ya durƙusa gaban Iya ya ce a ba shi ni ya kai ni Malumfashi. Iya ta ce mai takaba ba ta kwana a waje, kuma jaki zai girgiza mata jika. Liman ya ce in don larura ce akwai sauƙi, amma hanyar kwana biyu ce, ga rafuka sun cika, ga labarin mahara, ni kuma ko zama a kan jaki ba zan iya ba. Sai Yaya ya ce to shi zai je ya ɗauko tsohuwar.

Allah Ya saka wa Yaya Sale. Kwana uku ya yi a ƙofar gidan matar nan, ƙato da gemu, zaune cikin jerin mata masu ciki da masu goyo, suna ƙunshe dariya. Ɗaya ta tambaye shi wata nawa ne nasa. Da ya samu shiga, Gwaggo Kande ta ce ita ba ta ƙetare rafi da damina ko sarki ne ya aiko. Ya koma bayan kaka, ta ce tana da masu haihuwa biyu a hannu. Sai a zuwa na uku, da ya ja ragonsa na layya ya ɗaure mata a ƙofar gida, ta ce a kawo jakin.

Na zaci zan ga wata babbar mace da layu da ƙunshin magani. Sai ga 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, baki ja wur da goro, tana saukowa daga jaki tana zagin jakin da mai jakin. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce furarmu ta yi tsami. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja fatar idona, ta duba harshena, ta ce, "Wa ya yi mata ƙaho?" Ta ce, "Allah Ya isa tsakaninsa da ita."

Iya ta matso da fara'a. "Baiwar Allah, so muke ki tayar mana da shi. Shekara biyu ke nan yana kwance."

"Ni ban zo tayar da kowa ba," in ji Gwaggo. "Ku samo mini sabuwar farar ƙwarya, da zare, da man kaɗanya. A daina ba ta duk abin da ake ba ta. Kuma ba zan ce uffan ba sai na ga jininta na wata biyu."

Wata biyu! Na ce a raina, shi ke nan, an kawo wata kuma. Ga ci, Malama. Matar nan ba ta kai tsawon taɓarya ba, amma tuwon mutum uku take tashi da shi, kuma kowace miya sai ta ce gishiri bai ji ba.

Amma aikinta daban ne. Kowace safiya, kafin in ci komai, takan kwantar da ni, ta shafa man kaɗanya a hannu, ta bi marata a hankali tana lalube, idonta a rufe. Ta danna nan, ta danna can, tana tambaya ina ya fi zafi. Sai ta ɗora bakin zare a kan ƙashin mara, ta ja shi zuwa inda kumburin ya tsaya, ta ƙulla. Kowace Juma'a ƙulli ɗaya. Iya tana tsaye a kanta.

"Kin ji motsinsa?"

"Na ji motsin hanji."

Da jinin ya zo, ta hana a wanke ƙunzugu ko ɗaya sai ta gani. Duk gudan da ya fito sai ta sa shi a farar ƙwaryar nan da ruwa mai kyau, ta fita da shi cikin hasken hantsi, ta murza da yatsa, ta tace, ta sake zuba ruwa, tana ƙura ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kunya ta kusa kashe ni. Abin da na yi shekara biyar ina ɓoyewa, ga shi a tsakar gida cikin ƙwarya, kaji suna leƙe. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki shiga da shi daga ciki." Ta ce, "Kunyar ce ta kawo ki nan. Rufe mini baki."

A wata na biyu, rana ta uku da zuwan jinin, ta aiki Yaya Sale, da ya zo duba ni, kasuwa ya karɓo mata mahaifar akuya wurin mahauta. Da hantsi ta sa aka fito da ni aka jingina da bango, ta kira Iya, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana abu uku da yatsa.

Ta nuna na farko. "Wannan ciki ne na gaskiya. Laushi gare shi, ba ya zafi in an taɓa, kullum gaba yake yi." Ta nuna na biyu, wanda ta yi wa ƙulle-ƙulle a jiki. "Wannan ƙari ne. In kin lalube shi za ki ji tudu da kwari, kamar an cusa gwaza a jaka, wani ƙullin har gudu yake yi a ƙarƙashin hannu. Na sha jin sa a cikin rayayyu, na sha jin sa a wurin wankan gawa." Sai ta dafa na uku, wanda ta zana shi zagaye da baki mai kauri. "Wannan shi ne nata. Ba ɗa, ba ƙulli. Mahaifar ce da kanta ta yi kauri ko'ina, sumul, ga tauri, ga zafi."

Ta tsaga mahaifar akuyar da wuƙa, ta nuna mana shimfiɗar da ke ciki da naman da ke bayanta. Ta ce a ganinta, ita dai, wurin mace mai irin ciwona shimfiɗar nan ce ke nutsewa cikin naman. "Kin ga soron da indararonsa ya toshe? Ruwa maimakon ya zuba waje sai ya shiga cikin katanga, katangar ta jiƙe ta kumbura. Wata gefe ɗaya ne ke jiƙewa, ki ji kumburin ya karkata. Wata kuma duk ginin ne. Nata duk ginin ne."

Iya ta ce, "Kwantaccen ciki ai ba ya girma. Shi ya sa."

Gwaggo ta miƙa mata zaren. "Dubi ƙullin nan. Kafin jini ya hau nan. Bayan jini ya sauko nan. Wata na biyu ya sake hawa daidai inda ya hau. Ɗa yana barci, na ji. Ɗa yana ƙanƙancewa ya sake girma duk wata?"

Gwaggo ta jawo ƙwaryar, da gudajin safiyar a ciki, ta sassauta murya, karo na farko tun zuwanta.

"'Yar'uwa, ɓari nawa kika taɓa yi?"

"Uku."

"To kin san abin da ke saura a ƙwarya in an wanke. Farin abin nan mai zare-zare da ke tasowa kan ruwa, wanda ba ya narkewa. Wata biyu ina nema, ban bar ƙyalle ɗaya ba. Kada ki yarda da ni. Sa hannunki."

Iya ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sannan ta sa hannu. Ta murza gudan farko, ya narke. Ta murza na biyu, ya narke. Ta bi su duka, ta tsiyaye ruwan a hankali ta tsakanin yatsunta, ta sake zuba wani, ta sake tsiyayewa, har ƙwaryar ta koma fara. Ta ci gaba da shafa gindin ƙwaryar da babu komai a ciki. Daga nan ta tashi ta shiga ɗakinta ta saki asabari.

Ni kuwa na ce, "To Gwaggo, maganin fa?"

Ta ce, "Ba ni da shi. Ki bar kanwa, ki bar saiwoyin nan, wanzami kuwa ko aski ya zo yi gidan nan ki shige ɗaki. Ki ci hanta da zogale da rama, ki sha kunun gero, ki ɗora dutsenki mai ɗumi. Ciwon nan da jinin wata yake tafe, ranar da jinin ya ɗauke don tsufa shi ma zai tafi, in Allah Ya kai ki."

Na ce, "Ragon layya sukutum, da tuwon wata biyu, don ki ce in jira tsufa?"

Ta ce, "Da ban zo ba, da ba ki ga tsufan ba."

Na ji haushi, amma gaskiyarta ce. Haka kuwa aka yi, shekara bakwai bayan nan jinin ya ɗauke, kumburin ya sace kamar ba a yi ba.

Yaya Sale ya garzaya wurin liman. Liman ya ce ya ji shaidar ungozoma, amma kokwanton daga bakin uwar mamaci ya fito, yana so ya ji daga bakinta cewa ya gushe. Iya kuwa ta ƙi fitowa. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Ana ajiye mata tuwo a bakin ƙofa ana ɗaukewa. Ni ga jini bai tsaya ba, ga tsummokaran duk sun ruɓe don wanki, na ƙarshen ma ya yage a hannuna. Na cika fam. Na ce wallahi gobe zan shiga ɗakin nan in faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa babba ba, in ya so duniya ta zage ni. Shekara biyu da wata biyu ta cinye mini, jikana yana tafiya ban taɓa ganinsa ba, yanzu kuma za ta kulle bakinta ta bar ni a ɗaure?

Da safe ina haɗa maganganun da zan yi, sai ga ta ta ɗaga asabarina. Ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya. Zanen goyon nan yana hannunta. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Ba ni wuƙarki."

Na miƙa mata wuƙar takabar. Ta shimfiɗa zanen a cinya, ta shafa shi sau ɗaya, ta sa bakin wuƙar a ɗinki ta fara farkewa, ƙyalle bayan ƙyalle. Na ce, "Iya, me kike yi haka? Bari mana!" Ba ta ɗago ba. Ta yanka su daidai tsawon ƙunzugu, ta ninke, ta jera, ta turo mini.

"Ungo. Naki sun ƙare."

Ta ajiye wuƙar can gefe, ba ta mayar mini ba. Ta ce, "A kira liman. A ɗora ruwa kuma, wankan nan ban gama zuba miki shi ba."

Sai ta dafa gwiwata, ta ce, "Ta-Danja, yau ɗana ya mutu."

Sai a lokacin na tuna, ranar da aka fita da gawarsa ban ga hawayenta ba, har aka yi ta yaba tawakkalinta. Kukan da ta yi a ɗakina ran nan, ban taɓa jin irinsa ba. Duk maganganun da na tanada suka bi ruwa. Na riƙe ta muka yi tare.

Da Yaya Sale ya kawo jaki, Iya ce ta hau, ni na bi a ƙasa ina hutawa a kowace inuwa. Wa zan bar wa ita? Shekara tara muka yi a Danja muna faɗa a kan gishirin miya, a hannuna ta cika, Allah Ya yi mata rahama.

To mata, ku ji. In mararku ta taso, jini ya yi yawa, ku faɗa tun ana iya tuna ranar da ya fara. In an ce ya kwanta, ban ce ƙarya ne ba, ni ba malama ba ce, amma ku ce a kawo farar ƙwarya da zare kafin a kawo ƙaho.

Kin ga ƙyallen nan da na ɗaure goro da shi? Shi ne na ƙarshe, ban taɓa iya amfani da shi ba. Rufe tawadarki, Malama, ki ɗauko mayafi. Ƙwaryar tana zaure, ki raka ni bayan rafi kafin wanzami ya riga mu.